Haidiranjiya ko kareks: wacce ta dace da ƙaramin lambu mai inuwa a Landan?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a kudancin Landan, kuma akwai ɗan fili a bayan gidanmu, tsawonsa kamar mita 8, faɗinsa mita 5. Yana fuskantar arewa, katanga ta kewaye shi, ga bishiyar maƙwabta tana yi masa inuwa ta gefe ɗaya. Ƙasar laka ce, idan an yi ruwa ta yi caɓi, idan rana ta buɗe ta tsattsage. Bara mun je Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila na ga furen haidiranjiya shuɗiya, tun daga nan ta shiga raina. Amma da na je wurin masu sayar da shuke-shuke, sai aka ce in sayi wata ciyawar ado da ake kira kareks, wai ta fi sauƙin kulawa. Kowace shekara nakan tafi gida da yara daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, maigida kuma aiki ba ya barinsa ya yi ban-ruwa. Wacce ya kamata in shuka? Idan kuma ta yi kyau, zan iya kai irinta gidanmu na Kaduna?"

Wa alaikumus salam, Malama. Kin kyauta da kika bayyana yanayin filin da kuma tsarin tafiye-tafiyenki, domin a aikin lambu ba a yanke hukunci kan shuka sai an san inda za ta zauna da wanda zai kula da ita. Idan na fahimce ki, abin da kike son sani shi ne, a fili ƙarami mai inuwa da ƙasar laka, wanda za a bari fiye da wata guda babu ban-ruwa a tsakiyar zafin Ingila, shin furen da ranki yake so ne zai rayu, ko kuwa ciyawar da aka ba ki shawara a kanta. Ra'ayina shi ne masu shagon sun yi gaskiya a kan mafi yawan filin, amma bai kamata ki haƙura da haidiranjiya gaba ɗaya ba. Ki ba kareks kaso mafi girma, ki ware wa haidiranjiya wuri ɗaya ko biyu da aka zaɓa da natsuwa, sannan ki sa a ranki cewa wadda za ta yi miki amfani ba ita ce shuɗiyar da kika gani a Cornwall ba.

Asalin kowacce da abin da ta saba da shi

Haidiranjiya ƙaramar bishiya ce mai rassa da yawa daga gindi, wadda take zubar da ganye a watan Nuwamba ta tsaya sanduna tsirara har Maris. Wadda kika gani, mai dunƙulen kai shuɗi ko ruwan hoda, ita ce za ki ga an rubuta Hydrangea macrophylla a takardar da ke jikin tukunyarta. Asalinta gaɓar tekun Japan ce, yankin Izu da Boso kusa da Tokiyo, inda ruwan sama yake wuce milimita 1,400 a shekara, kuma damina take sauka a watannin Yuni da Yuli, daidai lokacin da take fure. An kawo ta lambun Kew da ke Landan a ƙarshen ƙarni na 18 ta hannun masanin tsirrai Joseph Banks. Landan kuwa, duk da sunan da ta yi na yawan ruwa, abin da take samu a shekara bai wuce kimanin milimita 600 ba, wato bai kai na Kaduna ba, sai dai yana zuwa ne yayyafi-yayyafi a warwatse. Shukar da ta taso a damina mai ƙarfi ita ce ake so ta yi fure a garin da Yuli da Agusta kan zo da fari, kuma daga nan yawancin matsalolinta suke farawa.

Ita kuwa kareks, wadda ake rubuta Carex, ba baƙuwa ba ce a wurinki kamar yadda kike zato, domin danginsu ɗaya da aya, da kajiji, da aya-ayar da take damun manoma a fadama. Idan kika kama karanta tsakanin yatsu biyu kika murza, za ki ji kusurwa uku, kuma ba za ki ji gaɓa ba, saɓanin karan gero ko na gamba da yake zagayayye mai gaɓoɓi. Nau'o'inta sun kai kimanin 2,000 a duniya, wasu a cikin ruwa suke rayuwa, wasu a busasshen daji ƙarƙashin bishiyoyi, saboda haka idan aka ce miki kareks tana da sauƙi, sai ki tambaya wacce daga ciki. Ba don fure ake shuka ta ba, furenta ɗan zangarniya ne ruwan ƙasa wanda iska take ɗaukar garinsa. Don ganye ake shuka ta, kuma nau'o'in da suka fi yawa a shagunan Ingila ba sa zubar da shi ko a tsakiyar Janairu.

Wannan bambanci yana da nauyi a ƙaramin fili. Lambun bayan gida a Landan ta tagar kicin ake ganinsa fiye da yadda ake zama a cikinsa, kuma daga Nuwamba zuwa Maris kusan kullum ta tagar ce kawai. Haidiranjiya za ta ba ki wata biyu zuwa uku na fure mai ɗaukar ido, sai wata huɗu zuwa biyar na sanduna. Kareks ba za ta taɓa sa baƙo ya tsaya yana tambayar sunanta ba, amma ita ce za ta hana filin zama taɓo da kango a watannin da rana take faɗuwa da ƙarfe huɗu.

Ruwa, da watan da ba kya nan

Ganyen macrophylla faɗi gare shi kamar tafin hannu ko fiye, kuma yana da taushi, saiwarta kuma ba ta nitsawa can ƙasa, tana bazuwa ne kusa da sama inda ƙasa take fara bushewa. Idan rana ta take, ganyen yana fitar da ruwa fiye da yadda saiwa take iya janyowa, shi ya sa za ki gan ta da azahar ta yi laushi, kawunan furen sun sunkuya. Idan ta miƙe da magariba, babu damuwa, kuma ƙara mata ruwa a ƙasar laka da take da danshi cutarwa ce. Idan kuwa gari ya waye tana nan a sunkuye, to ƙishirwa ce ta gaske, kuma bayan kwana biyu ko uku gefen ganyen zai fara ƙonewa, furen ya koma ruwan ƙasa, ba kuma zai dawo ba a wannan shekarar.

Sabuwar shuka a shekararta ta farko da ta biyu tana bukatar kimanin lita 10 sau biyu a mako idan babu ruwan sama, a zuba a hankali a gindi. Ki auna wannan da tafiyarki. A shekarar 2022, ranar 19 ga Yuli, zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke gabashin Ingila, wanda ba a taɓa aunawa ba a Birtaniya, kuma a watan Agusta kamfanonin ruwa na kudancin Ingila suka hana ban-ruwa da tiyo. A lambunan da nake kula da su a wannan yanki, macrophylla ce ta fi kowace shuka jigata a wannan shekarar, har tsofaffin da suka daɗe da kafuwa sun zubar da rabin ganyensu, waɗanda ke cikin tukwane kuwa da yawa ba su tashi ba. Kareks da ke ƙarƙashin bishiyoyi a lambunan nan bakin ganyenta ne kawai ya bushe, da ruwan Satumba ya sauka sai ta fito da sabon toho daga tsakiya. Dalili shi ne kareks tana yin girmanta ne a lokacin sanyi-sanyi, wato Maris zuwa Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba, a tsakiyar zafi kuwa kusan hutawa take yi, ganyenta kuma siriri ne mai tauri wanda ba ya ɓarnar ruwa.

Akwai wani abu da ya fi ban-ruwa ba ni damuwa game da shirinki. Macrophylla tana kai ƙololuwar furenta ne a Yuli da Agusta. Ko da Allah ya sa an sami ruwan sama ta tsira, za ki bar ta tana fara buɗewa, ki dawo ki tarar launin ya fara dusashewa. Za ki yi hidimar shekara guda saboda furen da maƙwabta ne za su more shi.

Maganar shuɗi

Shuɗin da kika gani a Cornwall, wataƙila a irin lambun Trebah kusa da Falmouth inda aka cika kwari guda da ita, ba daga irin kaɗai yake ba, daga ƙasa yake. Launin furen macrophylla yana bin sinadarin alminiyum da saiwa ta iya sha. Ƙasa mai tsami, wadda ma'aunin pH nata ya tsaya a 5.5 ko ƙasa da haka, tana sakin alminiyum, sai furen ya yi shuɗi. Idan ma'aunin ya haura 6.5, alminiyum ɗin yana nan a ƙasa amma a ɗaure, sai furen shukar nan ɗaya ya fito ruwan hoda, a tsakanin biyun kuma ya fito shunayya mai dishi-dishi. Yawancin ƙasar Cornwall mai tsami ce, ga ruwan sama mai yawa da iska mai laima daga teku. Lakar Landan galibi tsaka-tsaki take ko ta karkata ga alli, ruwan famfon garin kuma cike yake da alli, shi ne farin da kike kankarewa a cikin butar shayi. A bayan gidajen da suka tsufa akwai kuma ɓaraguzan gini da aka binne, da farar ƙasa da take zubowa daga katanga, duk suna ƙara rage tsami. Shi ya sa mutane da yawa suke sayen shuɗiya a shago, shekara ta zagayo ta fito ruwan hoda, su ɗauka an cuce su.

Ana iya tilasta mata shuɗi. A sa ta a babbar tukunya da ƙasar da ake haɗawa don shuke-shuke masu son tsami, a riƙa ba ta ruwan sama da aka tara daga indararo, a ƙara mata garin alminiyum salfet da ake sayarwa don wannan aiki gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalin, a kuma guji taki mai yawan fosfaras domin yana ɗaure alminiyum. Yana aiki, na sha yi. Amma tukunya a watan Agusta kusan kullum take neman ruwa, wanda shi ne ainihin abin da ba za ki iya bayarwa ba. A cikin ƙasa kai tsaye kuwa, sauya tsamin laka aiki ne da ba ya ƙarewa, domin laka tana komawa halinta cikin 'yan watanni. Manomi ba ya kai shinkafa jigawa don yana son tuwonta, yana duba abin da ƙasar za ta karɓa ne. Sai fa idan kina da maƙwabciya amintacciya da za ki kai wa tukunyar ta riƙe miki har ki dawo, to wannan wata magana ce.

Haidiranjiyar da za ta jira ki

Nau'in da nake ganin ya dace da ke shi ne Hydrangea paniculata, mai kan fure dogo mai tsini, wadda asalinta Sin da Japan ne. Ganyenta ya fi ƙanƙanta, ta fi jure rana da ɗan fari idan ta kafu, kuma launinta ba ruwansa da tsamin ƙasa. Tana fara buɗewa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta da launin kore-kore, ta koma fara, sannan a Satumba da Oktoba ta juya ruwan hoda, wato za ki dawo daga gida ki tarar da ita tana tsakiyar kyanta. Wadda aka fi sani ita ce Limelight, wadda Pieter Zwijnenburg ya fitar a Holan, amma tana iya kai mita 2 ko fiye, saboda haka a filinki ƙaramarta mai suna Little Lime, wadda take tsayawa kusa da mita 1 zuwa 1.5, za ta fi zama daidai.

Wata fa'idarta ita ce sauƙin datsa. Macrophylla tana ƙulla idon furen baɗi ne tun a ƙarshen zafin bana, a kan rassan da take da su, saboda haka duk wanda ya aske ta a lokacin sanyi don ta yi tsaf ya zubar da furen shekara guda. Ita ana barin busassun kawunanta ne har ƙarshen Maris ko farkon Afrilu domin su kare idanun daga ƙanƙarar asuba, sannan a yanke kowane kai zuwa idanu biyu masu ƙiba na farko da ke ƙarƙashinsa, waɗanda za ki gan su kore shar suna fuskantar juna a jikin reshe. Duk da haka ƙanƙarar da kan faɗo a ƙarshen Afrilu tana iya ƙone su. Paniculata kuwa a sabon reshen shekarar take fure, ana datse ta a ƙarshen Fabrairu ko Maris, a bar idanu biyu ko uku a kowane reshe, kuma ko an yi kuskure tana yafewa.

Sharaɗinta shi ne tana son rana ta awa huɗu ko fiye. A nan ne fuskantar arewa take bukatar lura. A Landan, rana da tsakar rana tana hawa kimanin digiri 62 a watan Yuni, a Disamba kuwa digiri 15 kacal. Saboda haka a lokacin sanyi inuwar gidanki za ta rufe filin duka, amma a Yuni da Yuli ƙarshen filin, can nesa da gida, zai sami rana sosai. Can ne wurin paniculata, a gefen da ba na bishiyar maƙwabta ba, kuma a matsar da ita aƙalla santimita 60 zuwa mita guda daga katanga, domin gindin katanga ruwan sama ba ya isa gare shi sosai.

Idan kina son ta biyu, ki duba mai hawa bango, Hydrangea petiolaris, wadda take son bango mai inuwa, take kuma yin farin fure a watan Yuni kafin ki tafi. Takan yi shekara biyu zuwa uku kamar ba ta motsi kafin ta kama hawa, kuma tana manne wa bulo da ƙananan saiwoyi, don haka idan gidan haya ne ko katangar ta maƙwabta ce sai an nemi izini. Wata haidiranjiyar mai suna Annabelle, wadda aka tsinta a daji kusa da garin Anna na jihar Illinois a Amurka a 1910, tana jure inuwa, tana kuma fure a sabon reshe, amma kawunanta manya ne har sukan kwanta a ƙasa bayan ruwan sama, kuma ƙishirwarta ba ta da nisa da ta macrophylla. Ga wanda ya damu da zuma da sauran ƙwari masu amfani, manyan dunƙulallun kawunan nan yawancinsu ado ne kawai, ba su da abinci. Cibiyar Mt. Cuba da ke Delaware ta gwada nau'o'i 29 na haidiranjiyar dajin Amurka tsawon shekara biyar, ta ga masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda ƙananan furanni masu haihuwa suke tsakiyarsu, sun fi jan ƙwari nesa ba kusa ba, kuma wadda ta zo kan gaba a gwajin, Haas' Halo, irinsu ce.

Tunda akwai yara a gidan, ki sani ganye da furen haidiranjiya suna ɓata ciki idan aka ci, ga mutum da kyanwa da kare, ruwan jikinta kuma yana sa wa wasu ƙaiƙayi. Ɗacinta yakan hana a ci da yawa, amma yaro mai rarrafe a sa masa ido.

Kareks ɗin da za ki saya da wadda za ki bari a shago

A ƙarƙashin bishiyar maƙwabta matsalar ba inuwa ce kaɗai ba, saiwar bishiyar tana shanye ruwan wurin, ganyenta kuma yana tare yayyafi. Haidiranjiya ba za ta yi komai a nan ba. Carex morrowii mai suna Ice Dance, mai koren ganye da farin gefe, ita ce na fi dogara da ita a irin wannan wuri, tare da Carex divulsa, wadda 'yar ƙasar Birtaniya ce, mai siririn ganye kore mai duhu. Ice Dance tana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, kuma na san duk wanda ya taɓa fama da aya-aya zai ji tsoron wannan, amma ita ba ta da 'ya'yan da suke ɓuya a ƙasa, tafiyarta a hankali take, kuma shebur ɗaya a shekara ya isa ya tsayar da ita inda ake so.

Kusa da gida, inda inuwa ta fi duhu kuma ƙasa ta fi riƙe danshi, Carex oshimensis ce za ta haskaka wurin. Evergold tana da ratsin rawaya-rawaya a tsakiyar ganye, tsayinta kimanin santimita 30, Everillo kuwa, wadda aka fitar a Ayalan, ganyenta duka rawaya ne mai kore-kore, ta ɗan fi girma. Waɗannan dunƙule suke yi, ba sa yawo. Ki jera su tazarar santimita 30 zuwa 35, kamar takwas zuwa goma sha ɗaya a kowace murabba'in mita, domin ɗaya tilo a tsakiyar ƙasa ba ta yin kyau, sai sun haɗu ganyensu ya taɓa juna.

Akwai uku da zan ce ki bari. Masu launin jan ƙarfe na Niyu Zilan, irin su buchananii da comans da testacea, suna cika shaguna saboda suna da kyau a tukunya, amma rana suke so da ƙasa mai tsiyaye ruwa, kuma a laka mai inuwa gindinsu ruɓewa yake yi a lokacin sanyi. Carex elata mai suna Aurea, mai ganye ruwan zinariya, tana son ƙafarta a cikin ruwa kullum, ba za ta jure tsattsagewar ƙasarki a Agusta ba. Sai Carex pendula, wadda wani maƙwabci zai iya ba ki kyauta da zuciya ɗaya. Zangarniyarta tana kai mita 1.5, tana zubar da iri ko'ina, kuma tsohon gindinta sai da diga ake cire shi. Na ɓata lokaci mai yawa ina tumɓuke ta daga ƙananan lambuna, kuma a fili mai faɗin mita 5 ba ta da gurbi.

Hidimar kareks kaɗan ce amma tana da ƙa'ida. Masu ganye duk shekara ba a aske su ƙasa-ƙasa kamar sauran ciyayin ado, domin sukan daɗe ba su farfaɗo ba. A watan Maris ko Afrilu ki sa safar hannu, domin gefen ganyen yana yanka, ki tsefe dunƙulen da yatsu daga gindi zuwa sama, matattun ganye za su biyo hannunki, sannan ki rage bakin da sanyi ya ƙona da almakashi. Bayan shekara uku ko huɗu, idan tsakiyar ta fara yin sanƙo, ki tone ta a watan Afrilu ki raba gida uku ko huɗu ki sake dasawa. Da wannan ne ake cika fili ba tare da an sake kashe kuɗi ba. Wajen dasawa kada gindin ya nutse ƙasa da yadda yake a tukunya.

Lokacin dasawa da gyaran ƙasa

Abin da zai fi taimakonki, fiye da zaɓen iri ma, shi ne ki dasa a ƙarshen Satumba ko Oktoba, ba a watan Mayu ba lokacin da shaguna suke cika da furanni kuma kowa yake saye. A Oktoba ƙasa tana da sauran ɗumi, ruwan sama ya dawo, saiwa za ta yi wata tara tana kafuwa kafin tafiyarki. Wadda aka dasa a Mayu wata biyu kawai take da shi, kuma ko kareks ce ba za ta jure watan Agusta babu ruwa ba a wannan shekarar.

Kafin ki sayi komai, ki haƙa rami mai zurfin santimita 30 a inda kike son sa haidiranjiya, ki cika shi da ruwa. Idan washegari ruwan yana nan tsaye, to sai an ɗaga wurin ya zama ɗan tudu, domin tana son danshi amma saiwarta tana mutuwa a cikin ruwan da ba ya tafiya. Ramin dasawa ya yi faɗi ninki biyu ko uku na tukunya, amma kada ya fi ta zurfi. Ki gauraya ruɓaɓɓen taki da ƙasar wurin gaba ɗaya, kada ki cika ramin da shi zalla, in ba haka ba ruwa zai riƙa taruwa a ciki. Bayan dasawa ki shimfiɗa ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 7, ba tare da ya taɓa kara ba, ki kuma sabunta shi kowane Afrilu tun ƙasa tana da danshi. Ki bar da'ira mai faɗin kamar santimita 40 a kewayen gindin haidiranjiya babu kareks a shekarun farko, domin su biyun a sama-sama suke neman ruwa. A shekara biyu na farko, ƙaramin bututu mai ɗigo da agogon da yake buɗe famfo da kansa ya cancanci kuɗinsa, sai dai idan an sa dokar taƙaita ruwa ki duba abin da kamfanin yankinku ya yarda da shi. Ƙwari ba su cika zama babbar matsala ba. Dodon koɗi yana cin sabon tohon haidiranjiya a Afrilu, akwai kuma wani ƙwaro mai barin farin abu kamar auduga a bayan ganye a farkon zafi, wanda ya yawaita a Landan, ana iya goge shi da hannu tun bai yi yawa ba.

Duk wannan na gina shi ne a kan bayanin da kika bayar, ban taka filin ba. Irin bishiyar maƙwabtan da girmanta, da tsayin katangar, suna iya sauya lissafin rana da ruwa, kuma ƙasar bayan gida a Landan takan bambanta daga gida zuwa gida saboda abin da magina suka binne. Ki sayi ɗan kayan gwajin pH mai arha ki auna wuri biyu ko uku, ki kuma zaɓi rana guda a watan Yuni ki riƙa leƙawa kowace awa biyu kina lura da inda hasken yake sauka. Idan ƙarshen filin bai sami awa huɗu ba, ki bar paniculata ki tsaya a kan mai hawa bango.

Batun Kaduna

Ba na ba ki shawarar ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu zuwa Kaduna. Shigar da shuka mai rai Najeriya yana bukatar izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, kuma ko an samu, yanayin bai dace ba. Macrophylla tana ƙulla idon fure ne idan gari ya yi sanyi-sanyi, ƙasa da digiri 20, ganyenta kuma ba zai jure bushewar iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu ba. A ƙasashe masu zafi a kan tsaunuka take yin kyau, kamar a Kolombiya inda ake nomanta don fitarwa waje, saboda haka a Najeriya wurare masu tudu irin su Jos da Mambila ne suke kusa da abin da take so. Kareks ɗin Japan ma 'yar sanyi ce. Idan shuɗin fure kike nema a gidan Kaduna, ki tambayi masu sayar da furanni na bakin titi filambago, mai tarin ƙananan furanni shuɗi-shuɗi, wadda asalinta Afirka ta Kudu ne kuma take jure rana da fari. Idan kuma dunƙulen kan ne ya burge ki, iksora, wadda ake yin shinge da ita a gidaje da ofisoshi, tana ba da shi da ja ko ruwan goro kusan duk shekara muddin tana samun ruwa a lokacin rani.